Akwatin Pontefract: Yadda Birtaniya Ta Mayar da Ƙuri'a Sirri

Kafin shekarar 1872, mai jefa ƙuri'a a Birtaniya yakan hau dandamali ne a bainar jama'a, ya furta sunan wanda yake so da bakinsa, magatakarda ya rubuta. Bayan zaɓe a buga kundin sunayen, kowa ya saya ya ga inda maƙwabcinsa ya karkata. Mai gonar da kake haya yana karantawa, ubangidanka a masaƙa yana karantawa, haka ma wanda ya ba ka kuɗi da giya jiya.

An daɗe ana kukan wannan. Sirrin ƙuri'a na cikin buƙatu shida da ƙungiyar ma'aikata ta Chartist ta gabatar a 1838, kuma tun 1856 wasu yankunan Ostireliya suka fara amfani da takardar zaɓe ta gwamnati da ake cikewa a keɓe. Amma masu adawa ba duka azzalumai ba ne. Masanin falsafa John Stuart Mill ya ce ƙuri'a amana ce da mutum ke riƙe wa al'umma, don haka bai kamata a sauke ta a ɓoye ba. Hujja ce mai kyau a bakin wanda ba ya haya a gonar kowa. Bayan zaɓen 1868, manoman haya da dama a yankin Wales sun rasa gonakinsu saboda sun saɓa wa zaɓin masu ƙasa, abin da ya ƙara wa masu neman canji ƙarfi.

Gwamnatin Gladstone ta samu dokar a watan Yulin 1872. Abin lura shi ne ba ta tsaya ga kafa ɗakin sirri ba, ta tanadi hukunci. Duk jami'i ko wakilin ɗan takara da ke rumfar zaɓe sai ya yi alkawarin riƙe sirri, in ya leƙa takardar wani ko ya tona abin da ya gani, zai iya shan ɗaurin wata shida. Ƙirƙirar takardar bogi, fita da takarda daga rumfa, taɓa akwati ba izini, duk sun zama laifuka, kuma hukuncin jami'i ya fi na gama-gari nauyi. An kuma sa wa kowace takarda lamba, ta yadda kotu za ta iya bin sawunta idan an yi ƙarar maguɗi. Har yau Birtaniya na riƙe da wannan tsari, kuma har yau akwai masu ganin ƙofa ce da aka bari a buɗe.

An fara gwada dokar ranar 15 ga Agusta 1872 a zaɓen cike gurbi na garin Pontefract, inda Hugh Childers ya yi nasara. Garin ya shahara da alewa, kuma da hatimin masu alewar aka rufe akwatin, wanda ke ajiye a gidan tarihin garin.

Tsoratarwa ta ragu, saye da sayarwa bai mutu ba. Wasu masu zaɓe ma sun gano cewa yanzu za su iya karɓa daga ɓangarorin biyu ba wanda ya sani. Zaɓen 1880 ya yi ƙaurin suna da cin hanci, har mazaɓun Macclesfield da Sandwich suka rasa kujerunsu. Sai a 1883 aka yi dokar da ta ƙayyade abin da ɗan takara zai kashe, ta kuma tsananta hukuncin masu sayen ƙuri'a.

Mu ma mun ɗanɗana wannan muhawara. A farkon shekarun 1990, lokacin da Farfesa Humphrey Nwosu ke shugabancin hukumar zaɓe, Najeriya ta koma tsarin ƙato bayan ƙato, inda ake layi a bayan hoton ɗan takara, bisa hujjar cewa layin mutane ya fi akwati wahalar cusa wa ƙarya. Ƙidaya ta fito fili, amma mai haya ya sake tsayuwa a gaban mai gida.