Nisa da Tsawon Lokacin Tafiya a Jirgin Sama daga Kano zuwa Jidda

Kowace shekara idan aikin Hajji ya gabato, jami'an alhazai na ƙananan hukumomi kan sha tambaya daga maniyyata game da sa'o'in da za su yi a cikin jirgi. Mun tattara wannan bayani ne domin amfanin jami'an da kuma jama'armu na karkara.

Daga Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano zuwa Filin Jirgin Sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, nisan ya kai kimanin kilomita 3,400 a miƙe. Manyan jiragen fasinja na cin kusan kilomita 850 a sa'a guda. Idan aka haɗa da lokacin tashi da na sauka, tafiyar kan ɗauki kimanin sa'o'i huɗu da rabi. Madina ta ɗan fi nisa, wajen kilomita 3,550.

Miƙaƙƙiyar hanyar ta ratsa sararin samaniyar Chadi da Sudan, sannan ta tsallaka Bahar Maliya. Kusan ita ce hanyar da kakanninmu suka bi a ƙafa da bisa raƙuma, ta Barno da Darfur zuwa gaɓar teku, wasu su shekara da shekaru a hanya, wasu ma su yada zango a Sudan har zuriyarsu ta zama ta can. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilu na 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar. Jiragen alhazan shekarar sun yi zagaye, tafiya ta ƙaru da sa'o'i biyu ko fiye, kuɗin man jirgi ma ya hau. Saboda haka ya kamata jami'i ya tabbatar da hanyar da jirgi zai bi kafin ya faɗa wa maniyyata lokacin sauka.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne bambancin agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da sa'o'i biyu. Jirgin da ya bar Kano da ƙarfe 10 na safe ya bi miƙaƙƙiyar hanya zai sauka da ƙarfe 2:30 na rana agogonmu, alhali a Jidda ƙarfe 4:30 ne, la'asar ta riga ta yi. Wanda bai gyara agogonsa ba zai iya sakin salla ko lokacin shan magani, musamman dattawa masu ciwon suga da hawan jini. A dawowa kuwa, agogo baya ake mayar da shi.

Muna kuma tunatar da iyalan alhazai cewa saukar jirgi ba ita ce isa masauki ba. Akwai binciken fasfo da jiran kaya, sannan tafiyar mota ta kusan kilomita 100 zuwa Makka, ko fiye da kilomita 400 zuwa Madina. Idan wayar alhaji ba ta shiga ba a daren farko, a ƙara haƙuri kafin a tayar da hankalin gida.