Yadda Namiji Ya Makara a Tarihin Folik Asid

A shekarar 1931 wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, tana birnin Bombay tana bincike a kan ƙarancin jinin da ke halaka mata masu juna biyu. Ta gano cewa Marmite, wani abinci mai arha da ake yi da yis, yana warkar da su. Sai a 1941 masana a Amurka suka tato sinadarin daga ganyen alayyahu, suka raɗa masa suna folik asid. A 1991 wani babban gwaji da Birtaniya ta jagoranta ya tabbatar cewa yana kare jarirai daga nakasar laka da ƙwaƙwalwa, kuma daga 1998 Amurka ta tilasta zuba shi cikin fulawa. Shekara sittin ke nan ana maganar uwa, uba kuwa ko a zance.

Alhali jiki na buƙatar wannan sinadari wajen gina DNA da kuma sanya masa alamomin da ke kunna ƙwayoyin gado ko kashe su, kuma ƙwayar maniyyi takan ɗauki kusan kwana 74 kafin ta nuna, bayan rarrabuwa babu ƙaƙƙautawa. A 1995 masana a Jami'ar McGill ta Kanada suka bayyana wani sauyi a ƙwayar gado mai suna MTHFR, wanda ke rage wa jiki ƙarfin sarrafa sinadarin. Daga nan hankali ya fara karkata ga maza.

A 2002 wani ƙaramin gwaji a Holan ya nuna cewa folik asid haɗe da zink ya ƙara yawan lafiyayyun ƙwayoyin maniyyi da kashi 74 cikin ɗari ga maza masu raunin haihuwa. Masu sayar da ƙwayoyin bitamin, abin nema ya samu. Sai dai gwajin ƙwayoyi ya ƙirga, ba jarirai ba, kuma ba ƙwaya ke kai ma'aurata asibiti ba.

Amsa ta zo a Janairun 2020 a mujallar JAMA. An bi ma'aurata 2,370 masu neman haihuwa a cibiyoyi huɗu a Amurka. Rabin mazan suka sha miligiram 5 na folik asid da 30 na zink kullum har wata shida, rabi suka sha ƙwayar da babu magani a cikinta. Haihuwa ta kama kashi 34 a rukunin farko, 35 a na biyu. Tsattsagewar DNA na maniyyi ma ta ɗan fi yawa ga masu shan maganin.

A ganina bai kamata a rufe littafin a nan ba. Mazan gwajin suna zaune ne a ƙasar da fulawarta ta riga ta ƙoshi da sinadarin, don haka ƙari a kan wadata aka gwada. Rashi wani abu ne daban: a 2013, a McGill ɗin dai, ɓeraye maza da aka hana su sinadarin sun fi haifar 'ya'ya masu nakasa.