Tsando ko Bobuwa? Tantance Ƙudaje Masu Yaɗa Sammore a Yankin Batsari da Safana

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake bambance ƙudaje masu shan jinin dabbobi a gefen dajin Rugu, ta kuma nuna cewa ɓullar sammore a garke bai isa hujjar kasancewar ƙudan tsando a wurin ba.

Gabatarwa

Idan saniya ta rame, gashinta ya tashi, idanunta suna zubar da hawaye, makiyayi zai ce sammore ce, kuma tsando ake ɗora wa laifi. Amma Batsari da Safana ƙasa ce mai dogon rani, tsando kuwa ba ya rayuwa sai da inuwa da laima. Ko tsando nau'in Glossina tachinoides, wanda ya fi 'yan'uwansa jure fari, ba ya nisa da kurmin bakin rafi. Tun 1947, lokacin da aka kafa cibiyar binciken ciwon barci da sammore wadda hedikwatarta ke Kaduna, aikin taswira ya fi karkata ga tsando, sauran ƙudajen ba su samu kulawar da ta kamace su ba.

Alamomin tantancewa

Tsando in ya sauka yakan ɗora fikafikansa ɗaya bisa ɗaya, tsinken bakinsa ya miƙe gaba, kuma a tsakiyar fiffikensa akwai gurbi mai siffar gatari. Wannan gurbi shi ne shaidar da ba ta ruɗi. Bobuwa, wato dangin Tabanus, ta fi girma, tana da manyan idanu, macen ce kaɗai ke cizo, tana yanka fata har jini ya kwarara. Stomoxys calcitrans ne mai saurin rikita mai bincike, domin kamarsa ɗaya da ƙudan gida. Sai an lura da tsinin bakinsa da yadda yake dafe wa ƙafafun shanu.

Tattaunawa

Bambancin yana da nauyi. A jikin tsando ƙwayar cutar takan hayayyafa. Bobuwa da Stomoxys kuwa a baki kawai suke ɗaukar ta: saniya ta kaɗa wutsiya, ƙuda ya tashi bai ƙoshi ba, ya faɗa kan ta kusa da jini ɗanye a bakinsa. Ta haka Trypanosoma vivax, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke kawo sammore, ya samu gindin zama a Kudancin Amurka, inda babu tsando ko ɗaya. Shanun da suka yi rani a kudu suna iya dawowa Rugu da cutar, damina ta kawo bobuwa, cutar ta bazu cikin garke. Rashin tsaro, wanda ya tilasta cunkusa dabbobi a mashaya kaɗan kusa da gari, yana sauƙaƙa wannan yaɗuwa, kuma talaka mai saniya biyu shi ke kwana a ciki, yana ta sayen maganin Berenil.

A ganin wannan maƙala, tarkon da aka ƙera domin tsando ba zai wadatar a nan ba. Ya kamata a haɗa shi da tarkon Nzi mai shuɗi da baƙin ƙyalle, wanda ke kama bobuwa da Stomoxys, a kafa su a mashaya da bakin burtali da kasuwannin dabbobi, rani da damina, a riƙa ɗibar jinin shanun da suka yi ƙaura daban da na waɗanda ba su taɓa barin yankin ba.