Bishop Marar Kujera: Tarihin Muƙamin Mataimakin Bishop a Ƙasar Hausa

A tsarin Ikilisiyar Angilikan, kowace dayosis tana da bishop ɗaya mai kujera a babbar majami'a. Idan ƙasar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, sai a keɓe wani ya taimake shi. An ɗibiya masa hannu kamar kowane bishop, yana tabbatar da masu bi, yana naɗa limamai, amma ikonsa na aro ne, kuma ba shi da gādon kujera. Ƙasarmu ta yi shekaru tana hannun irin waɗannan bishop-bishop, don haka ya kamata mu san tarihinsu.

Asalin muƙamin

A Ingila ana kiran wannan mataimaki safragan, daga kalmar Latin mai nufin goyon baya. A 1534, zamanin Sarki Henry na Takwas, aka yi dokar da ta jera garuruwan da za a riƙa laƙaba wa mataimakan, irin su Dover da Nottingham da Hull. Sunan garin ba ya ba shi mulkin garin. Bayan wani lokaci aka daina naɗa su, sai a 1870, da birane suka cika da jama'a, aka sake naɗa na Nottingham da na Dover. Yawan aiki ne ya farfaɗo da muƙamin.

Yadda ya zo mana

A nan Najeriya labarin yana da ɗaci. An keɓe Samuel Ajayi Crowther a Canterbury a 1864, bishop mai cikakken iko. Da ya rasu a ƙarshen 1891, ƙungiyar CMS ba ta yarda baƙar fata ya gaje shi ba. A 1893 aka keɓe Bature, Joseph Sidney Hill, aka kuma keɓe Isaac Oluwole da Charles Phillips su zama mataimakansa. A 1900 aka ƙara James Johnson. Masu suka a Legas suka riƙa kiransu rabin bishop. Oluwole ya yi kusan shekara 40 a kan wannan matsayi har ya rasu. Sai a 1952, kimanin shekara 60 bayan Crowther, ɗan ƙasa ya sake hawa kujerar dayosis, kamar Alexander Akinyele a Ibadan, wanda shi ma mataimaki ne tun 1933. Muƙamin da aka yi domin raba nauyi ya zama hanyar hana iko.

Ƙasar Hausa

Herbert Tugwell, wanda ya gaji Hill, shi ya jagoranci tafiyar 1900 zuwa Kano tare da Dokta Walter Miller. Sarki Alu bai bar su su zauna ba, suka koma Girku. Miller ya shiga birnin Zariya a 1905, a 1929 kuma aka mai da mishan Wusasa. Da aka kafa Dayosis ta Legas a 1919, Arewa duka ta faɗa ƙarƙashinta. Tsakanin kujerar bishop da Kano akwai fiye da kilomita 1,000.

Saboda wannan nisa aka ba Arewa mataimaki. Alfred William Smith ya riƙe aikin daga 1925 zuwa 1942, kuma sunansa ne a kan makarantar Bishop Smith da ke Ilorin. Norman Sherwood Jones ya biyo baya a 1944. Mu lura da laƙabinsu: Mataimakin Bishop na Legas. Mutum yana zagaya Zariya da Kano da Jos, amma sunan da yake ɗauke da shi na garin bakin teku ne, manyan shawarwari kuma can ake yanke su.

A 1954 aka kafa Dayosis ta Arewacin Najeriya, John Mort ya zama bishop na fari. Festus Segun ya gaje shi a 1970, sai Titus Ogbonyomi a 1975. A 1980 aka raba ta uku: Kaduna, Kano da Jos. A watan Satumba na 1990, a ƙarƙashin Akbishop Joseph Adetiloye, aka buɗe dayosis takwas na mishan a Arewa: Minna, Kafanchan, Katsina, Sakkwato, Makurdi, Yola, Maiduguri da Bauchi. Ba a aiko mataimaka ba wannan karon. An aiko bishop masu kujera, ko da jama'arsu kaɗan ce kuma aljihunsu ba nauyi. James Kwasu ya fara riƙe Katsina, Jonathan Bamaiyi ya gaje shi.

Abin da ya rage mana

Mu ɗauki gari kamar Tsaskiya, a yammacin Jihar Katsina. A taswirar Ikilisiya ya bi Legas, ya bi Kaduna, yau yana bin Katsina. Kujerar ta matso kusa ƙwarai. Amma 'yan bindiga da ke fitowa daga dajin Rugu sun sa hanyoyin Batsari da Safana sun zama abin tsoro, mutane da yawa sun bar gonakinsu. Nisan da aka kashe a takarda ya dawo a kan hanya. A wurare irin waɗannan, mai bishara da limamin ƙauye su ne ke ɗauke da aikin, su ma da ikon aro.

Yetro ya shawarci Musa ya raba nauyin shari'a ga amintattu, kamar yadda muke gani a Fitowa 18, ya kuma ba su iko na gaske a kan abin da aka danƙa musu. Tarihin da muka bi ya nuna mana illar raba aiki a riƙe iko. Yawancinmu za mu yi hidima a ƙarƙashin wani, wasunmu kuma za su sami mataimaka. Kada mu yi wa na ƙasa da mu abin da aka yi wa Oluwole.

Tambayoyi domin nazari

1. Mene ne bambanci tsakanin keɓewar bishop da ikonsa na mulki?
2. Me ya sa a 1990 aka zaɓi kafa dayosis maimakon aiko mataimaka?
3. A gundumarka, wa ke isa inda shugaba ba ya isa, kuma wane iko aka ba shi?