Malam Aliyu Namangi Da Waƙarsa Ta Imfiraji

Ya ku 'yan makaranta, yawancin abin da ku ke karantawa cikin littattafan tarihi labarin sarakuna ne da yaƙe-yaƙe: wane ya ci wane, wane ya gina ganuwa, wane ya zo ya rushe ta. Yau za mu ba ku labarin wani talaka wanda bai taɓa zare takobi ba, ko baƙin da alƙalami ke yi a takarda bai taɓa gani ba, amma ga shi sunansa ya kai inda sunan sarakuna da yawa bai kai ba. Shi ne Malam Aliyu Namangi, makahon Zazzau, mai waƙar Imfiraji.

An haife shi a ƙasar Zazzau wajen shekarar 1894. Tun yana ƙaramin yaro ciwo ya ɗauke masa ido, ya tashi bai san fari ba, bai san baƙi ba. A wancan zamani kuwa hanyar makaho a shimfiɗe ta ke tun kafin ya girma. In ya yi ƙarfi ya koyi tufkar igiya, ko ya sami ɗan jagora su riƙa bin gidaje da kasuwanni suna bara. A manyan birane har unguwarsu gare su da Sarkin Makafi mai lura da al'amuransu. Babu wanda ke sa ran wani abu daga makaho wanda ya wuce wannan, shi ma yawanci ba ya sa wa kansa.

Zamanin da ya tashi ciki ma bai yi wa masu ido daɗi ba, balle shi. Yana ɗan yaro Turawa suka shiga Zariya a 1902, suka ci Kano a 1903, a shekarar nan kuma Sarkin Gumel Ahmadu ya bi su, duniyar da iyaye suka sani ta juye. Ba a gama sabawa da sabon mulki ba sai damina ta ƙi a 1913, aka wayi gari cikin 1914 da yunwar nan da ake kira Kakalaba. Ta fi tsanani a ƙasashen arewa na bakin iyaka masu jigawa, irin ƙasar Gumel, inda ko a shekarar kirki ruwa bai cika yawa ba. Mutane suka ci ganye, suka tone gidajen tururuwa suna neman ƙwayar hatsi, waɗansu suka bar garuruwansu ba su sāke komowa ba. A 1918 annobar mura ta zagaya duniya, ta iso nan ta kwashe jama'a. Daga baya ga fari, ga yaƙin Hitila daga 1939 zuwa 1945 da tsadar da ya jawo. Mun kawo waɗannan ne don ku san irin mutanen da Malam Aliyu ya yi wa waƙa. Mutane ne da suka san wahala ido da ido, ba a ruɗinsu da daɗin baki.

To, da ya ke Allah Ya rufe masa ƙofa guda, sai ya dage kan wadda aka bar masa, watau kunne. Zariya gari ne na malamai, ta yi suna wajen nahawu da luga. Ya zauna gaban malamai yana saurare, abin da ɗalibi mai ido zai duba a takarda in ya manta, shi dole ya ajiye shi a ka. A irin waɗannan zaurukan ne ake rera Ishiriniya da Burda, manyan waƙoƙin yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ita Burda kuwa, kamar yadda malamai ke faɗa, mai ita Albusiri na Masar ya yi ta ne yana kwance, ciwon shanyewar jiki ya kama shi. Ashe tun dā mai neman sauƙi ya san hanyar waƙa.

Ku lura da sunan da ya ba tasa. Imfiraji kalmar Larabci ce, ma'anarta yayewar baƙin ciki, ko buɗi bayan ƙunci. Tushenta ɗaya da Munfarija, wata tsohuwar ƙasida ta Ibnun Nahwi, mutumin ƙasar Tunis wanda ya rasu a 1119, wadda ake karantawa in al'amari ya tsananta. Watau tun daga suna ya gaya wa mai saurare abin da ya ke nema, ya kuma nuna sahun da ya shiga.

Amma inda gwanintarsa ta fi fitowa shi ne wajen kari. Masana waƙa sun nuna cewa karin Imfiraji daidai ya ke da na kiɗan caji, wani kiɗa na samari da 'yan duniya wanda ya yi tashe a zamanin nan, wanda kuma malamai ba su ko son ji. Wani malamin da ya ji caji sai ya toshe kunne ya yi a'uzu. Shi kuwa Malam Aliyu, da ya ke kunne ne idonsa, ya ji abin da ke jan mutane a ciki, ya ɗauki karin, ya zubar da maganganun, ya zuba begen Annabi da wa'azi a madadinsu. Sai ya zama wanda ya saba rausayawa da caji in ya ji Imfiraji ƙafarsa ta riga ta san hanya. Ba shi ya fara irin wannan dabara ta kai wa'azi inda jama'a su ke ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Hausa da Fillanci don matan ƙauye su haddace su koyar. Amma ɗauko kari daga bakin makaɗa sai mai ƙarfin hali.

Ku tsaya ku yi tunanin yadda makaho ke tsara waƙa. Ku in malami ya ce ku rubuta insha'i, kuna da allo ko littafi, ku rubuta ku goge, ku duba abin da kuka faɗa jiya. Shi ba shi da ko ɗaya. Sai ya ƙulla ɗango a ka, ya juya shi a harshe har ya zauna kan kari, ya nemo amsa-amo, ya ɗaura shi jikin na baya, ya riƙe duka har ranar da zai sami mai rubuta masa. Kamar dai yadda 'yan'uwansa makafi ke tufkar igiya ne, zare kan zare, hannu na jin inda ya yi sako-sako. Imfiraji kuwa doguwar waƙa ce ƙwarai, kashi-kashi ta ke, baitocinta ɗaruruwa. A ganina a nan natsuwar da ake ji cikinta ta samo asali. Zuciyar da aka ɗora wa aikin auna kowane gaɓa ba ta da sararin zama tana ƙirga abin da ta rasa.

Kada kuma ku ɗauka waƙar lallashi ce kurum. Akwai mutuwa a ciki, da kabari, da hisabi, da ruɗin duniya, ya kuma yi wa masu mugun hali tatas ba tsoro. Mai ita bai ɓoye cewa duniya gidan wahala ce ba. Duk da haka abin da ya rinjaya a cikinta godiya ce ga Ubangiji da ƙaunar Manzo, har wani yanki nata da ya fi shahara ana kiransa Tsarabar Madina.

Wannan ba dole ba ne ga kowane makaho mai hikima. A ƙasar Sham an yi Abul Ala'i Alma'arri, wanda aka haifa a 973 ya rasu a 1057. Agana ta makantar da shi yana yaro, ya zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Larabawa, amma ya kulle kansa a gida shekaru masu yawa, ana ce masa ɗan kurkuku biyu, watau makanta da ɗaka, waƙoƙinsa kuwa cike su ke da ɗacin rai. A Ingila an yi Jon Milton, wanda idonsa ya tafi a 1652, ya riƙa faɗa ana rubuta masa har babbar waƙarsa ta fito a 1667. Ciwo iri ɗaya, hikima iri ɗaya, amma kowa da abin da ya ɗebo. Namu na Zazzau har raha gare shi, gama ya yi Waƙar Keke, inda ya yi wa wannan baƙon abin hawa da mahayansa ba'a. Mutumin da baƙin ciki ya cinye ba ya samun zarafin yi wa keke waƙa.

Abin da ya biyo baya ya fi kome ban sha'awa. Makafi suka karɓi Imfiraji ta zama tasu. Wanda ya saba kasuwannin ƙasar nan, tun daga Zariya har Maigatari inda ake hada-hadar shanu da raƙuma a bakin iyaka, ya san muryar makaho da ɗan jagoransa, ɗaya na bayarwa ɗaya na amsawa, mutane na tsayawa da kaya a ka. Waɗansu 'yan boko kan raina ta saboda haka, su ce waƙar bara ce. Ni ban ga abin raini ba. Kafin ta, makaho na miƙa hannu ne kawai. Da ita kuwa yana da abin da zai bayar kafin ya karɓa, mai sadaka ma ya tafi da wani abu a zuciya.

Daga bakin makafi ta shiga takarda. Aka buga ta da boko a Zariya, aka sa ta cikin littattafan da ɗalibai ke nazari, gidajen rediyo suka yaɗa ta har ƙasar Nijar. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a Zariya a 1962, ta ba shi digirin girmamawa, yaron nan da aka zaci zai ƙare a tufkar igiya ya zama ana kiransa Dokta Aliyu Namangi. Ya yi tsawon rai, ya haura shekara 90, ya rasu a 1990. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.