Takardar da ta rufe ƙofa, ta dawo ta buɗe ta: tarihin shigar masu jinkirin fahimta jami'a

Duk malamin da ya taɓa taya ɗalibi haɗa dosiyen neman shiga jami'a ya san abin da ake sawa a ciki: takardar haihuwa, takardar Bak, makin shekarun baya da hotuna. A ƙasar Amurka akwai wani irin dosiye da bai yi kama da wannan ba. Samari da ƴan mata masu shekara 18 zuwa 20 da ƴan kai ne ke haɗa shi, kuma takardar da ta fi kowace nauyi a ciki ita ce shaidar masana cewa mai neman yana da jinkirin fahimta. Da wannan suna ana nufin mutumin da tun yarinta koyo ke yi masa wuya fiye da tsaransa, kuma yake bukatar taimako wajen hidimomin yau da kullum, kamar lissafin kuɗi ko shiga mota shi kaɗai. Wannan daban yake da taɓin hankali, ko da yake jama'a kan haɗa su. Shekaru da dama da irin wannan takarda ake kafa hujja a hana yaro shiga ko da ajin farko. Yadda ta koma takardar neman shiga jami'a shi ne tarihin da za mu bi a nan, kuma mafarinsa a Faransa yake.

A farkon shekarar 1800 aka kama wani yaro a yankin Aveyron, a kudancin Faransa, wanda ya daɗe yana rayuwa shi kaɗai cikin daji, ba ya magana. Da aka kai shi Paris, babban likita Philippe Pinel ya duba shi ya yanke cewa ba zai taɓa koyon komai ba. Wani matashin likita, Jean Itard, bai yarda ba. Ya sa wa yaron suna Victor, ya yi wajen shekara biyar yana koya masa. Victor bai yi magana ba har ya mutu a 1828, amma ya gane wasu kalmomi a rubuce, ya koyi zama da mutane. Almajirin Itard, Édouard Séguin, shi ya mai da wannan gwaji hanyar koyarwa: a fara da horon hannu da ido da kunne, sannan a je ga harafi. Ya wallafa littafinsa a 1846, bayan juyin 1848 kuma ya ƙaura zuwa Amurka, inda aka fara buɗe makarantun kwana don irin waɗannan yara. Niyyar farko ita ce a koya musu, a mai da su gida.

Niyyar ba ta ɗore ba. Makarantun suka cika, suka rikiɗe suka zama gidajen ajiya, wanda ya shiga ba ya fita. A wannan hali ne ma'auni ya zo. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka fito da gwajinsu na auna fahimtar yara a Paris, domin a gano ƴan makarantar da ke bukatar ƙarin taimako. A 1909 dokar Faransa ta ba da damar buɗe musu azuzuwa na musamman. Binet da kansa ya yi kashedi kada a ɗauki sakamakon a matsayin hukuncin da ba ya sakewa. Amma da Henry Goddard ya kai gwajin Amurka a 1908, sai aka yi amfani da shi wajen rarraba mutane daki-daki, ana cewa raunin gado ne, kuma haɗari ne ga al'umma. A 1927 kotun ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 8 a kan 1, ta halatta wa jihar Virginia yi wa wata budurwa mai suna Carrie Buck aikin hana haihuwa bisa tilas. Daga baya masu bincike suka nuna cewa ita ba ta ma da wani jinkirin fahimta. Mutum fiye da 60,000 aka yi wa irin wannan aiki a ƙasar. A 1967 yawan waɗanda ke tsare a gidajen gwamnati ya kusa 200,000.

Iyaye ne suka fara juya akalar. A 1950 suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa baki ɗaya a birnin Minneapolis, da yawansu makarantar unguwa ta maido musu da ƴaƴansu. Shugaba John Kennedy, wanda ƙanwarsa Rosemary ke da irin wannan lalura, ya kafa kwamiti kan batun a 1961. A 1972 ɗan jarida Geraldo Rivera ya shiga gidan Willowbrook, a tsibirin Staten na birnin New York, da na'urar ɗaukar hoto. An gina wurin don mutum 4,000, amma a tsakiyar shekarun 1960 akwai 6,000 a ciki. Abin da jama'a suka gani a talabijin, yara tsirara kwance cikin ƙazanta, ya fi ƙarfin a kau da kai. A wannan shekarar kuma iyayen jihar Pennsylvania suka yi nasara a kotu: ba a da ikon hana yaro makarantar gwamnati don an ce fahimtarsa ta gaza. Majalisar ƙasa ta bi bayansu da dokar 1975, wadda a cikinta ta amince cewa yara naƙasassu wajen miliyan 1 ba su zuwa makaranta sam. Dokar ta wajabta karatu kyauta ga kowane yaro, tare da tsarin koyo da ake rubuta wa kowane ɗaya gwargwadon halinsa, har zuwa shekara 21.

Nan wata sabuwar matsala ta ɓullo, wadda nasarar ce ta haife ta. Yaran da suka taso aji guda da tsaransu sun kai shekara 18, suna kallon abokansu suna haɗa kaya za su jami'a, su kuwa ana ce musu su ci gaba da zama a sakandare tare da ƙannen bayansu har 21, daga nan sai gida. A Kanada, iyaye suka matsa har Jami'ar Alberta ta buɗe wani shiri a 1987, inda irin waɗannan matasa ke shiga darasi tare da sauran ɗalibai. A Amurka ma wasu jami'o'i suka gwada, kowace da nata salon, ba tare da tallafin gwamnatin tarayya ga ɗaliban ba. Dokar ilimi mai zurfi ta 2008 ce ta ba abin suna da ƙa'ida. Ta yarda ɗalibi mai jinkirin fahimta ya samu tallafin karatu na gwamnati ko da ba shi da takardar gama sakandare irin ta kowa, muddin shirin da ya shiga hukuma ta amince da shi. Ta kuma gindaya sharaɗi: aƙalla rabin lokacinsa ya kasance cikin darasi ko koyon aiki tare da waɗanda ba su da naƙasa, don kada a sake gina gidan ajiya a cikin jami'a. A 2010 aka ba shirye-shirye 27 kuɗin gwaji na shekara biyar, aka ɗora wa cibiyar Think College ta Jami'ar Massachusetts a Boston aikin bin diddiginsu. A farkon shekarun 2020 irin waɗannan shirye-shirye sun haura 300.

Yanzu sai mu koma ga dosiyen. Ba a neman makin jarrabawar shiga jami'a da ake nema wurin sauran ɗalibai. Ana neman sakamakon gwajin fahimta, jikan wancan na Binet, da tsarin koyon da makaranta ta rubuta masa, da wasiƙun shaida daga malamai ko daga inda ya taɓa koyon aiki. Iyaye su ma suna cika nasu ɓangare: yana iya tashi da kansa da safe? Yana iya shan maganinsa ba a tuna masa ba? Yana iya zama na ƴan awoyi ba mai tsaro? Sai kuma ganawa baki da baki, inda galibi ake son mai neman ya amsa da kansa, domin abin da masu zaɓe ke son tabbatarwa shi ne ko shi ke son karatun, ko kuwa iyayensa ne ke so masa. Duk tsawon tarihin nan likita da alƙali da uwa da uba ne ke magana a madadinsa; a nan ne aka zo ana tambayarsa shi. Wanda aka ɗauka yakan yi shekara biyu zuwa huɗu, ɗalibai ƴan uwansa na taya shi bitar darasi da sabawa da wuri, ya fita da takardar shaida wadda ba digiri ba ce, manufarta aiki mai albashi da iya riƙon kai.

Kada mai karatu ya zaci ƙofar a wangale take. Jami'o'i da kwalejojin Amurka sun kusa 4,000, ke nan shiri 300 kaɗan ne. Da yawansu ɗalibai ƙalilan suke ɗauka a shekara, kuɗin wasu kuma ya fi ƙarfin talaka. Sharuɗɗan riƙon kai su ma tankaɗe ne: wanda raunin nasa ya yi tsanani yakan tsaya a waje. Duk da haka, tafiyar da aka yi ba ƙarama ba ce. An rufe Willowbrook a 1987, a 1993 filinsa ya zama harabar Kwalejin Staten, daga baya kuma aka buɗe a wannan kwaleji shirin da ke karɓar matasa masu jinkirin fahimta.

Nijar ta rattaba hannu kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 game da haƙƙin naƙasassu, ta tabbatar da ita a 2008, kuma sashe na 24 na yarjejeniyar ya ambaci karatu tun daga firamare har zuwa ilimi mai zurfi da koyon sana'a. Tarihin nan ya nuna daga inda ake farawa. Matasan da ke cika wancan dosiye a yau sun kai ga haka ne saboda tun suna ƙanana dokar 1975 ta hana a kore su daga aji. Malamin da ya ga yaro ya maimaita aji sau biyu bai kama karatu ba, yana tsaye ne a inda Pinel da Itard suka tsaya a kan Victor: ko ya rubuta cewa ba zai iya ba, ko ya nemi hanyar da zai iya.