Daga Karofin Ƙofar Mata Zuwa Wandon Jins

Duk wanda ya leƙa kasuwar gwanjo ta Yaba ko ta Katangowa ya ga tulin wandunan jins. Yaranmu na nan Ebute Metta da Agege sun fi sanin wandon da babbar riga. Ba su san cewa shuɗin da ke jikinsa shi ne shunin da kakanninmu suka yi arziki da shi ba.

Marinar Ƙofar Mata a Kano, bisa abin da aka gada, tun 1498 take. Marini zai zuba ruwa a karofi, ya sa baba da toka da katsi, ya bar su kwanaki su ruɓa, yana motsawa. Ƙananan halittun da ido ba ya gani su ne ke narkar da shunin har ya kama zare. In an tsamo ƙyalle sai ya fito kore-kore, iska na bugunsa ya koma shuɗi. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar rinin Kano na kaiwa Tumbuktu da Tarabulus. Maƙwabtanmu Yarbawa ma haka suke rina adire a Abeokuta da ganyen elu, wanda mu muke kira talaki.

A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, hanyar da ta sauƙaƙa wa iyayenmu zuwa Kudu ita ce ta sauƙaƙa wa kayan Turai zuwa Arewa. Mai araha ya kori mai wahala, karofi suka yi ta mutuwa.

To, arahar nan tana da bashi. Shunin jins na yau daga sinadaran man fetur ake haɗa shi, kuma sai an zuba masa wasu magunguna masu ƙarfi kafin ya narke. Ruwan da ya rage yana ɓata koguna.

Shi ya sa masana suka juyo baya. A 2018 masu bincike a jami'ar Berkeley ta Amurka, sannan a 2024 wasu a Danmak, suka nuna yadda za a rina jins da indikan, wato ainihin sinadarin da ke cikin ganyen baba. Mai yin aikin shi ne inzayim, irin abin da ke cikin yawunmu yana narkar da tuwo. Shi ke sakin launin a jikin zaren. Tsada ce har yanzu ta hana abin yaɗuwa.

Ashe abin da ake nema a ɗakin bincike ɗan'uwan abin da ke cikin karofi ne. Marinan da suka san sirrinsa kuwa tsufa suke yi. In mun je gida da Sallah, mu kai yaranmu Ƙofar Mata, su zauna gaban tsohon marini su yi tambaya tun yana da rai.